Alayyadi, manja, kaɗe, kitse ko man gyaɗa: wane mai ya dace da sabulunki na haɗin sanyi?

Duk wadda ta halarci irin koyar da sana'ar sabulu da ake yi a unguwanni, da wuya ta dawo gida ba tare da wannan ƙa'idar ba: a jiƙa soda, wato kostik soda mai ƙona fata, ta kwana, a auna ƙarfin ruwanta da haidiromita har ya kai 1275, sannan a zuba mai kofi biyu, ruwan soda kofi ɗaya. Ni ma da ita na fara. Haɗina uku na farko sun yi kyau, domin da alayyadi na yi su, wanda masu shagon sinadarai ke kira PKO. A na huɗu alayyadi ya yi tsada, sai na sayo manja da man gyaɗa na zuba da wannan awon. Sabulu ya daskare, ya yi tauri, amma duk wadda ta yi wanki da shi a gidanmu sai da yatsunta suka saluɓe. Wanke banɗaki ya ƙare a kai.

Daga baya na fahimci inda matsalar take. Ruwan soda mai ƙarfin 1275 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa soda ce, wato lita ɗaya tana ɗauke da kimanin giram 320. Lita biyu ta alayyadi kuwa abin da take buƙata ke nan cif. Amma lita biyu ta manja giram 260 kawai take iya cinyewa, ta man gyaɗa 250, ta man kaɗe 235. Sauran sodar tana nan zaune a cikin sabulun tana jiran fatar mutum. Wato awon nan na biyu da ɗaya na alayyadi ne shi kaɗai. Saboda haka zaɓen mai shi ne mafarin komai a haɗin sanyi, wannan haɗin da ba a ɗora sabulu a wuta bayan an haɗa mai da soda, zafin da suke haifarwa da kansu ne ke nunar da shi.

Abin da za ki duba kafin ki zaɓa

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin kwalba kaɗai ba. Mai arha da zai ci miki yini guda da icce ko gas wajen gyara ba lallai ya zama mai arha ba. Na biyu ƙarko: sabulun da zai yi tauri ya daɗe a mazubi, ba wanda zai jiƙe ya zama kunu cikin mako guda ba. A kula, tauri da ƙarko ba abu ɗaya ba ne, za mu gani a wajen alayyadi. Na uku kumfa da yadda yake barin fata, musamman a ƙasarmu da hunturu ke busar da jiki, kuma unguwanni da yawa ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi suke amfani da shi, wanda ke kashe kumfa. Na huɗu sauƙin aiki: yana ba ki lokacin juyawa da zubawa, ko yana kama jikinsa tun yana cikin bokiti? Na biyar haɗari, ko dai na gobara da ƙuna lokacin aiki, ko na lalacewar sabulu bayan an ajiye.

Alayyadi

Man ƙwarar kwakwar manja ne, daga Kudu ake kawo shi. Iri biyu ne a kasuwa: baƙi mai ƙauri da ake samu ta hanyar soya ƙwarar, da kuma mai haske da injin matsa ke fitarwa. Mai hasken shi ne na sabulu, sai dai in da gangan kike son sabulu mai duhu da ƙamshin hayaƙi.

Kusan rabin alayyadi wani sinadarin mai ne da ake kira lorik, kuma shi ne sirrin kumfar nan mai manyan ƙwayoyi da take tashi ko da a ruwan zartsi. Yana cire maiƙo da datti fiye da duk man da za mu ambata, in ban da man kwakwa. Sabulunsa fari ne, yana daskarewa da wuri, wani lokaci ma ba ya kai awa 24 sai a yanka. In kika bar shi ya kwana biyu a mazubi, wuƙa za ta riƙa farfasa shi.

Aibinsa biyu ne. Ƙarfin wankinsa bai san bambancin maiƙon riga da maiƙon fata ba, don haka sabulun wanka na alayyadi zalla yana barin jiki fari fat, yana jawo ƙaiƙayi, ga mai kaushi kuwa sai abin ya ƙaru. Na biyu, duk taurinsa, yana saurin narkewa a ruwa. Shi ya sa mata ke cewa sabulu kaza yana da kumfa amma ba ya auki. A sabulun wanka ni ba na wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100. A na wanki kuwa shi ne jagora.

Man kwakwa ɗan'uwansa ne, aikinsu kusan ɗaya, sai dai yana buƙatar soda kaɗan fiye da shi, kuma a Arewa ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ban ga dalilin sayen man kwakwa don sabulu ba matuƙar akwai alayyadi mai kyau.

Manja

Shi ne ƙashin bayan sabulu. Yana ba da tauri na gaske da ƙarko, kumfarsa ba ta da yawa amma tana da kauri kuma ba ta saurin mutuwa, ba ya busar da fata kamar alayyadi. Ba banza ba yawancin sabulan wanka na kamfani ake gina su a kan kashi 80 na manja da 20 na alayyadi. Wannan haɗin ya daɗe: neman waɗannan mayuka biyu ne ya kawo kamfanin Lever Brothers, masu sabulun Sunlight, Afirka ta Yamma, har suka kafa reshe a Najeriya a 1923.

Matsalar manja launinsa. In kika yi amfani da shi ja yadda yake, sabulu zai fito ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, kumfarsa ma tana iya ɗaukar launi, wanda bai dace da wankin farin yadi ba. Launin yana dusashewa a hankali in sabulun yana shan iska da haske, amma ba ya tafiya duka. Hanyar da aka saba ita ce a dafa shi har jan ya mutu, kuma a nan ne haɗarin yake. Manja yana hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, in aka yi sakaci ya kama da wuta. A yi shi a tsakar gida, a tukunyar da man bai wuce rabinta ba, da murfi a kusa. In ya kama, a kashe wutar ƙasa a rufe tukunyar. Kada a kuskura a watsa ruwa. Wadda ba ta da fili ko tana da ƙananan yara a gida, gara ta sayi wanda aka riga aka tace, ko ta bar manja ja ya zama adon sabulunta.

Akwai wasu abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Manja yana rabuwa a jarka, mai ruwa a sama, mai kauri a ƙasa, kuma ba halinsu ɗaya ba. Sai an narkar da shi duka an juya kafin a ɗiba, in ba haka ba haɗin yau zai bambanta da na gobe. Sannan tsohon manja mai ɗaci yana kama soda nan take, kafin ki ɗauko mazubi ya zama tuwo. Farashinsa yana sauka daga wajen Fabrairu zuwa Mayu lokacin da kwakwar manja ke yawa a Kudu, ya hau zuwa ƙarshen shekara. A kula da wanda jansa ya yi yawa fiye da ƙima, domin akwai masu algus da rini.

Kitse

Wannan shi ne man da muka fi rainawa, alhali shi ne a ƙofar gidanmu. Kitsen saniya yana yin duk aikin da manja ke yi, sodar da suke buƙata ma kusan ɗaya ce, ga shi sabulunsa fari tas ba tare da an ƙona komai ba. Yana da ƙarko sosai, yana da laushi a fata, kuma yana yin kauri a hankali, abin da ya sa na fi ba wa mai koyo shawarar ta fara da shi. Turawa sun yi ƙarnoni da shi suke sabulu kafin manja ya isa gare su.

A wajen mahauta ɗanyen kitse ya fi kowane mai arha, da Babbar Sallah kuwa gidaje da yawa har rasa yadda za su yi da shi suke. Kuɗinsa na gaske aiki ne. A yanka shi ƙanana ko a niƙa, a ɗora da ruwa da ɗan gishiri a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, a tace da ƙyalle, a bar shi ya daskare, a ɗago faifan a kankare dattin da ya taru a ƙasansa. Sai a maimaita sau biyu ko uku. Wanda aka wanke haka ba ya ƙarni a sabulu. Wanda aka yi wa gaggawa ko aka babbaka, babu turaren da zai rufe shi. Kitsen da ke kewaye da ƙoda ya fi tsabta da tauri. Na rago ma yana yi, amma warinsa ya fi naci.

Kumfar kitse zalla kaɗan ce, a ruwan zartsi kuwa sai ta kusa ɓacewa. Dole a haɗa shi da alayyadi.

Man kaɗe

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa kaɗanya a duniya, musamman jihohin Neja, Kwara da Kebbi, kuma da damina ake tsintar ƙwarar, don haka bayan nan ne sabon mai ke shigowa kasuwa da sauƙin kuɗi. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne wani kaso nasa soda ba ta iya mayar da shi sabulu ko kaɗan. Wannan kason yana zama a cikin sabulun, shi ne ke sa fata ta yi laushi bayan wanka. Ga mai fama da bushewar hunturu, babu kamarsa a cikin jerin nan.

Sai dai mutane suna wuce gona da iri. Sabulun kaɗe zalla yana da tauri amma kusan ba ya kumfa, sai santsi kamar ana shafa mai, kuma mai saye in bai ga kumfa ba zai ce sabulun bai yi ba. Kashi 10 zuwa 20 ya wadatar a sabulun yau da kullum, 30 in don busasshiyar fata ne. Shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin buƙatar soda, wato shi ne mafi haɗari ga mai aiki da awon kofi.

Yana da wata yaudara da ta taɓa kama ni. Da sanyin safiyar hunturu na zuba ruwan soda mai sanyi a kan narkakken kaɗe, nan da nan ya yi kauri, na ɗauka ya haɗu na juye a mazubi. Ashe man ne ya daskare kawai. Washegari na tarar da ruwan soda kwance a cikin ramuka a tsakiyar sabulun. Kitse ma yana yin haka. Maganinsa shi ne mai da ruwan soda duka su kasance da ɗumi, wajen digiri 40 zuwa 45, kuma a ci gaba da juyawa in an ga kauri ya zo da wuri fiye da yadda aka saba. A kuma narkar da kaɗen kasuwa a tace, domin ana samun ruwa, yashi, wani lokaci har da abin da aka cuɗa don ƙara nauyi.

Man gyaɗa da 'yan'uwansa

Man gyaɗa yana ko'ina, ba ya buƙatar narkarwa, yana jinkirta kauri, yana da taushi a fata. Amma shi kaɗai sabulunsa laushi ne, yana daɗewa bai bar mazubi ba, kumfarsa ba ta taka kara ta karya ba. Babban aibinsa shi ne lalacewa: bayan wasu watanni, musamman da zafin bazara, sai a ga ɗigo-ɗigo ruwan lemo a jikin sabulun da warin tsohon mai. Man waken soya da na angurya sun fi shi ma saurin yin haka. Kada duk jimillarsu ta wuce kashi 20. Man gyaɗan masu ƙuli-ƙuli yana yi, in an bar shi ya kwanta an tace.

Man zaitun ba ya lalacewa da sauri irin haka, kuma sabulunsa ya fi kowanne sanyi a fata. Sabulun Halab na Siriya da na Nabulus na Falasɗinu da shi suka yi suna, kuma wata da watanni ake shanya su kafin a sayar. A nan kuɗinsa ya fi ƙarfin sabulun sayarwa, sannan ba duk kwalbar da aka rubuta zaitun ce zaitun zalla ba. Man darbejiya kashi 5 zuwa 10 ya isa, warinsa ba ya ɓuya. Man zurma kashi 5 yana riƙe kumfa, in ya yi yawa sabulu ya yi danƙo.

| Mai | Soda a kilo 1 na mai | Tsada | Ƙarko | Kumfa | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Alayyadi | giram 176 | matsakaici | mai tauri, mai saurin ƙarewa | mai yawa | yana kamawa da wuri | busar da fata |
| Man kwakwa | giram 183 | mai tsada | kamar alayyadi | mai yawa | yana kamawa da wuri | busar da fata |
| Manja | giram 142 | ya danganta da lokaci | sosai | matsakaiciya | sai an kashe launi | gobara wajen dafawa |
| Kitsen saniya | giram 143 | mafi arha | sosai | kaɗan | sai an wanke, haɗi da sauƙi | ƙarni |
| Man kaɗe | giram 128 | mai ɗan tsada | mai kyau | kaɗan ƙwarai | yana son ɗumi | kaurin yaudara |
| Man gyaɗa | giram 137 | matsakaici zuwa tsada | rauni | kaɗan | mai sauƙi | lalacewa a ajiye |
| Man zaitun | giram 135 | mafi tsada | sai ya daɗe a shanya | kaɗan, mai santsi | mai sauƙi, mai jinkiri | jabu |

Alƙaluman sodar nan su ne adadin da zai cinye man gaba ɗaya. A sabulun wanka ana rage kashi 5 cikin 100 don ɗan mai ya saura, a na wanki kashi 1 ko 2 kawai, saboda rarar mai tana barin tabo a tufafi. Ruwa kuwa ninki biyu na nauyin soda. Duk wannan sai da sikeli mai auna giram, kuma kuɗinsa bai kai asarar haɗi ɗaya ba.

Akwai haɗarin da bai damu da wane mai kika zaɓa ba. Soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan soda ba, a wuri mai iska, da safar hannu ta roba da tabarau. Ba a amfani da tukunyar dalma ko kwanon sanholo, domin soda tana cin su tana fitar da iskar da ke kama wuta. Roba mai kauri ko ƙarfe marar tsatsa ake so. In ta taɓa fata, a sakar mata ruwa na aƙalla minti 15, in ido ne a wanke a wuce asibiti. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Ruwan soda kamar ruwan sha yake a ido, kuma likitoci a ƙasar nan sun sha karɓar yaran masu sana'ar sabulu da suka kurɓe shi daga gorar lemo, maƙoshinsu ya ƙone ya tsuke, wasu har ba sa iya haɗiye abinci sai an yi musu aiki. Don Allah 'yar'uwa, kada ki jiƙa sodar da ta wuce ta haɗin ranar, kada ki zuba ta a gorar ruwa ko ta lemo, kuma ki kulle busasshiyar a inda hannu ba ya kai.

Wanne ne naki?

In sabulun wanki da wanke-wanke kike so, ko unguwarku ruwan zartsi ne, alayyadi ne zai ja gaba: giram 700 na alayyadi, 300 na tataccen manja ko kitse, soda 163, ruwa 330. Man da aka gama tuyar ƙosai da shi ma yana iya shiga nan kaɗan bayan an tace, amma ban da sabulun wanka.

In na wanka ne don gida ko don sayarwa, wanda zai yi kumfa, ya yi auki, bai busar da jiki ba, ga wanda na tsaya a kai: manja ko kitse giram 400, alayyadi 250, man gyaɗa 200, kaɗe 150, soda 140, ruwa 280. A juya har ya yi kaurin kunun gyaɗa, yadda in kika ɗiga a sama zai bar sawu, a zuba a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu. Da bazara kada a lulluɓe shi, zafinsa kan sa ya tsage. Mai niyyar kai wa shaguna ta sani sabulu na cikin kayan da sai da rajistar NAFDAC.

In jari ne ya yi ƙaranci, ko kina koyo kina tsoron asara, kitse giram 800 da alayyadi 200, soda 142, ruwa 285. Mai biyu ne kawai, yana ba ki lokacin gyara kuskure, kuma sabulun da zai fito fari ne mai ƙarko da ba za ki ji kunyar nuna shi ba.

In don mai kaushi, tsofaffi ko wanka da hunturu ne, a rage alayyadi a ƙara kaɗe: kaɗe 300, kitse ko manja 300, zaitun 250, alayyadi 150, soda 134, ruwa 270. Kumfarsa ba za ta burge kowa ba, kuma ya fi sauran tsada, don haka na gida ne ko na wanda ya yi oda ya san abin da yake saya. Jarirai kuwa ba na ba da shawarar a yi musu wanka da kowane sabulun soda, ko da ya yi kyau, saboda fatarsu ba ta kai ƙwarin jure shi ba.

Kowanne kika zaɓa, a jera shi a inuwa mai iska na mako 4 zuwa 6, mai zaitun har 8, ana juya shi lokaci-lokaci. Da damina a nisanta shi daga laima, domin yana tsotsar danshi ya riƙa gumi. Kafin ya taɓa jikin kowa, a jiƙa gefensa a ɗora takardar gwajin pH, mai nuna ƙarfin soda a jikin sabulu, da ake samu a shagunan sinadarai: tsakanin 9 da 10 ya yi, in ya haura 11 a mayar da shi na wanke ƙasa.